Babi na Shida: Idan Injin Mota Ya Ɗauki Zafi

Me ya sa mota za ta tashi lafiya ƙalau da safe, ta yi lodi a tasha, amma kafin ta ci rabin hanya allurar geji ta haye ja, tururi ya fara fita ta gefen bonet? Direbobin da ke bin hanyar Kano zuwa Dambatta da Kazaure, da masu bin hanyar Katsina ta Dawanau da Bichi da Tsanyawa, sun saba da wannan tambaya, musamman daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana ke kai digiri 40 ko ya zarce. Amsar da aka fi bayarwa ita ce laifin rana ne. Sai dai rana ɗaya ce ke dukan duk motocin da ke kan titin, kuma ba dukansu ne ke tsayawa ba. An ƙera injin ne yadda zai jure irin wannan yanayi. Wanda ya kasa, akwai abin da ya lalace a jikinsa tun da farko, bazara tona masa asiri kawai ta yi.

Inda zafin yake fitowa

Injin mota da wuta yake aiki. A cikin kowace silinda fetur na haɗuwa da iska, fulogi ya kunna su, ƙarfin fashewar ya tura fistin ƙasa. Zafin wannan wuta yana wuce digiri 2,000, alhali alminiyon da ake yin kan injin yawancin motocin yau da shi yana narkewa a wajen digiri 660. Daga ƙarfin da ke cikin man da aka ƙona, kusan kashi ɗaya cikin uku ne ke juya taya. Kashi ɗaya yana fita ta salansa. Ragowar kuma yana shiga jikin ƙarfe, kuma dole a kwashe shi a watsar a iska tun bai taru ba.

Ruwa ne ke wannan kwasa. Akwai hanyoyi da aka bari a cikin gangar injin da kansa, ruwa na zagayawa ta cikinsu. Famfon ruwa, wanda bel ke juyawa, shi ke tura shi. Idan ya ɗebi zafi sai ya fita ta tiyon sama ya shiga lagireto, ya rarrabu cikin ƙananan bututu masu siraran fikafikai, iskar da ke ratsawa ta sanyaya shi, ya koma injin ta tiyon ƙasa. Idan mota na gudu, iskar hanya ta wadatar. Idan tana tsaye ko tana tafiyar hawainiya, fanka ce ke jawo iskar.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da ake raina su. Na farko tamostat, wata ƙofa ce da ke rufe hanyar lagireto har sai ruwa ya kai tsakanin digiri 80 da 90, gwargwadon irin motar, sannan ta buɗe. Na biyu murfin lagireto. Ruwan da ke buɗe yana tafasa a digiri 100, a tudu irin na ƙasar Kano ma yakan ɗan gaza haka. Murfin yana da sifirin da roba da ke matse ruwan a ciki, kuma wannan matsi ne ke hana shi tafasa har sai ya kai wajen digiri 120. Tunda injin mai lafiya yana aiki ne tsakanin digiri 85 da 105, murfin da robarsa ta tsage ya isa shi kaɗai ya sa mota ta riƙa amai da ruwa.

Abin da ake yi a bakin hanya

Da zarar allura ta wuce inda ta saba tsayawa, sai a kashe na'urar sanyi, a rage gudu, a nemi wurin tsayawa. Idan hitar motar tana aiki, a kunna ta har ƙarshe, domin ita ma ƙaramin lagireto ce, tana rage wa injin nauyi. Idan allura ta taɓa ja, ko tururi ya fito, ko injin ya fara ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a cikinsa, a kashe shi nan take. Direban da ya ce bari ya ƙarasa gari, saura kilomita biyu, sau da yawa a cikin waɗannan kilomita biyun ne yake asarar injin.

Akwai alama guda mai ruɗi. Wani lokaci allura takan hau, sannan ta faɗo ƙasa da kanta ba tare da an yi komai ba. Direba sai ya ce Allah ya kawo sauƙi. A gaskiya ruwan ne ya zube har abin da ke auna zafin ya daina taɓa shi. Wannan ya fi hawan allurar haɗari.

Bayan an kashe mota a ɗaga bonet, a bar ta aƙalla rabin sa'a. Kada a taɓa murfin lagireto. Ruwan da ke ciki ya wuce zafin tafasa, matsi ne kawai ya riƙe shi, kuma ana sassauta murfin zai yi tsalle zuwa fuska da ƙirji. Yaran mota ne suka fi shan wannan ƙuna, domin su ake turawa. Sai an iya riƙe tiyon sama da hannu, an matsa shi ya lotsa, sannan a ɗora tsumma mai kauri a kan murfin, a juya shi kaɗan, a jira hucin ya gama fita.

Kwara wa injin ruwan sanyi a ka, ko ɗura shi cikin lagireto alhali ƙarfe na da zafi, yana iya tsaga kan injin ko ya lanƙwasa shi. Idan ya huce, a tada motar, a riƙa zuba ruwan a hankali tana aiki.

Lokacin da zafin ke zuwa

Bakaniken da ya san aikinsa ba ya fara da sufana. Tambaya yake yi: a wane hali motar ke yin zafi? Amsar tana rage rabin aikin.

Motar da ke ɗaukar zafi a cunkoson shiga kasuwar Dawanau, ko tana tsaye ana lodi a kasuwar Dambatta ranar Lahadi, amma ta huce da ta hau titi, matsalarta iska ce, wato fanka. Wadda kuma ke zaune lafiya a tsaye, sai an taka totur a buɗaɗɗen titi allura ta fara hawa, ruwanta ne ba ya zagayawa yadda ya kamata ko lagireto ya toshe. Idan zafin ya zo cikin 'yan mintoci da tada mota, ko ba a je ko'ina ba, a duba tamostat da ya maƙale a rufe, ko bel da ya tsinke, ko iskar da ta shiga cikin hanyoyin ruwa bayan an yi gyara. Idan kuwa ruwa ke raguwa kullum ba a ga inda yake zuba ba, zargi ya koma kan murfi, daga nan sai gasket, wanda bayaninsa ke tafe a gaba.

Hannu ma yana bincike. Idan injin ya yi zafi amma tiyo ɗaya na nan da sanyi, ruwa ba ya wucewa. Idan an shafa fuskar lagireto, bayan an kashe mota an zare makulli, aka ji wani sashe da zafi wani da sanyi, bututun wurin sun toshe.

Ruwan rijiya da lagireto

A karkarar arewacin Kano gari na manne da gari. Daga Ungogo zuwa Minjibir, daga Dawakin Tofa zuwa Bagwai, da wuya a yi tafiya mai nisa ba a ga rijiya ko famfon tuƙa-tuƙa ko kududdufi ba. Wannan ya sa ƙara ruwa ya zama abu mai sauƙi, har direba ya shekara yana yawo da jarka a but bai taɓa neman inda ruwan ke zuba ba. Kowace jarka kuwa da abin da take bari a ciki.

Duk wanda ya leƙa cikin butar mai shayi da ta daɗe a kan wuta ya ga farin ɓawon da ke manne a gindinta. Ma'adinan da ke cikin ruwa ne suka daskare. Haka yake faruwa a cikin injin da lagireto, sai dai bututun lagireto sirara ne ƙwarai, ɓawo kaɗan ya isa ya shaƙe su. A kan wannan kuma ga tsatsa, domin ruwa zalla yana cin ƙarfe, ga laka idan daga kududdufi aka ɗebo. Lagireton da ruwansa ya koma ja kamar jar ƙasa ya riga ya fara rasa ƙarfinsa, ko da bai taɓa yoyo ba.

Wannan ne dalilin ruwan kulan, mai launin kore ko ja da ake sayarwa a galan. Mutane da yawa suna ɗaukarsa kayan ƙasashen sanyi, tunda yana hana ruwa daskarewa. Yana da wani amfanin da ya fi shafar wannan yanki: yana hana tsatsa, yana kare famfon ruwa, yana kuma ƙara jinkirta tafasa. Wani an riga an gauraya shi, wani kuma sai an haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwa, kuma rubutun jikin galan ne ke bambancewa. Irin na da ana sauya shi duk shekara biyu. Idan dole ta sa a zuba ruwa zalla, ruwan sama da aka tace ya fi na rijiya. A kula da abu ɗaya: kulan guba ne, kuma yana da zaƙi. Wanda aka zubar a tsakar gida ko a bakin gareji, yaro ko akuya ko kaza na iya sha su mutu.

Toshewar waje ita ma tana da lokutanta. Da kaka, ana sussukar gero da dawa ana sheƙe wake a bakin hanya, ƙaiƙayi na shiga tsakanin fikafikan lagireto. Da hunturu ƙura ta bi ta lulluɓe shi. Da damina ƙwarin dare da taɓon burtali su ƙarasa. A motoci masu na'urar sanyi, dattin yakan taru ne a tsakanin lagireto da kwandensar da ke gabansa, inda ido ba ya gani sai an leƙa da tocila. Ana wanke shi da ruwa marar ƙarfi daga baya zuwa gaba. Ruwan injin wanki mai ƙarfi yana kwantar da fikafikan, ya ƙara toshe hanyar iska.

Tsohon lagireto na jan ƙarfe, irin na Fijo 504, ana iya buɗe shi a zura wa bututunsa sanda, a mayar a like da dalma. Na motocin baya-bayan nan, irin su Golf da Sharan da Hiace, alminiyo ne da tankin roba. Idan robar ta tsage ko cikinsa ya cushe, sauyawa ta fi gyara. Sabulu da ƙwai da garin da wasu ke zubawa don tsayar da yoyo suna iya kai mota gari, amma ba sa zaɓen ramin da za su toshe, har da bututu masu lafiya suke rufewa.

Fanka da bel da famfo

Fankar lantarki tana tashi da kanta idan ruwa ya kai wani mataki na zafi. Idan ba ta tashi ba, a fara da abu mai araha: fiyus, sai rile, sai makunnin da ke jin zafin ruwa, sannan motar fankar kanta. Wanda ya haɗa wayoyinta a juye zai sa ta riƙa tura iska gaba maimakon jawo ta. Takarda da aka kara a gaban lagireto tana nuna gaskiya: idan ta manne, daidai ne. Robar da ke kewaye da fanka, wadda ake yawan jefarwa bayan gyara, ita ke tilasta wa iska bi ta cikin lagireto, don haka a mayar da ita.

A motocin da bel ɗaya ke juya famfon ruwa da abin cajin batir, fitilar batir takan kama a daidai lokacin da allurar zafi ta fara hawa. Wannan bel ne ya tsinke ko ya saki. Famfon da ya gaji yakan yi ƙara, ko ya riƙa ɗiga ta wani ƙaramin rami a jikinsa. Wani kuma ba ya nuna komai a waje, amma tsatsa ta cinye fikafikansa, yana juyawa ba ya tura ruwa. A injin da bel ɗin tayimin ke juya famfo, hikima ita ce a sauya su tare.

Batun cire tamostat

Da wuya a sami motar da ta shigo daga Turai ta Kwatano ta yi wata guda a hannu ba a ba mai ita shawarar cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye ba. Hujjar ita ce an yi su ne don ƙasar ƙanƙara. Wannan shawara ta yi wa injuna da yawa illa.

Tamostat mai lafiya ba ya sa mota zafi. Idan ruwa ya kai matakinsa a buɗe yake, ruwa na wucewa yadda ya kamata. Idan an cire shi, injin yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, musamman da asubahin hunturu. Injin mai sanyi yana shan mai fiye da kima, domin kwamfutar motar tana ci gaba da ƙara masa fetur. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, rin da silinda su riƙa cin juna. Akwai kuma injunan da tamostat ɗinsu ke da faifai na biyu a ƙasa, wanda ke rufe wata gajeriyar hanya idan ya buɗe. In babu shi, wani kaso na ruwan zai riƙa kewayawa cikin injin bai je lagireto ba, sai motar da aka cire wa tamostat don ta huce ta ƙara ɗaukar zafi a kan titi.

Gwada shi ba shi da wuya. A jikinsa an buga lambar zafin da yake buɗewa. A saka shi cikin ruwa a ɗora a wuta: mai lafiya zai buɗe kafin ruwan ya tafasa, ya rufe idan ya huce. Wanda ya ƙi buɗewa a saya sabo a Ƙofar Ruwa ko wurin mai kayan gyara da aka amince da shi, kuma kuɗinsa bai kai komai ba idan an gwada da na injin. Haɗa fanka kai tsaye kuwa yana gajiyar da ita, yana cin batir, yana kuma ɓoye ainihin abin da ya lalace har sai ya girma.

Idan gasket ya ƙone

Tsakanin gangar injin da kansa akwai shimfiɗa da makanikai ke kira tof gasket. Ita ke raba wuta da ruwa da baƙin mai. Alminiyo yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, saboda haka idan injin ya wuce kima sai kan ya lanƙwashe, gasket ya saki. Daga nan hayaƙin silinda ya riƙa shiga cikin ruwa yana kore shi waje.

Alamominsa sanannu ne. Idan an buɗe murfi injin na da sanyi aka tada mota, kumfa na ta tasowa ba ƙaƙƙautawa. Tiyon sama yakan yi tauri nan da nan tun ruwa bai yi zafi ba. Farin hayaƙi mai kauri na fita ta salansa ko bayan injin ya ɗumama. Baƙin mai ya koma fari-fari a jikin sandar awo ko a ƙarƙashin murfinsa. Fulogi ɗaya ya fita tas kamar an wanke shi, sauran na da baƙi. Garejin da ke da kayan aiki yana tabbatarwa da abin auna matsin silinda, ko da wani shuɗin ruwa da ke komawa rawaya idan hayaƙi ya taɓa shi.

Gyaran ya wuce sauya gasket. Sai an kai kan injin wurin masu injin gogewa an duba ko ya lanƙwashe ko ya tsage, a daidaita fuskarsa. Ƙusoshinsa ana ɗaure su ne bi da bi, daga tsakiya zuwa gefe, da sufana mai awo, kuma a injuna da yawa ba a maimaita tsofaffin ƙusoshi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a gano abin da ya jawo zafin tun farko. Sabon gasket a kan toshasshen lagireto ba ya daɗewa. Bayan kowane gyara kuma sai an fitar da iskar da ta maƙale a hanyoyin ruwa, sannan a gwada motar a kan titi da kaya, ba a cikin gareji kawai ba.

Nauyin da aka ɗora wa injin

Wani zafin ba daga ruwa yake tasowa ba. Ƙaramar motar da aka yi don mutum biyar, aka cika ta da buhunan gero har kan rufi, ko a-kori-kura da ke jan taki zuwa gona cikin yashi da giya ɗaya, tana ƙona mai da yawa alhali iskar da ke ratsa lagireto kaɗan ce. Birkin da ya riƙe taya yana ƙara wa injin aiki, kuma ana gane shi da zafin da wilin ke yi bayan gajeriyar tafiya. Tayimin da ya kauce da salansar da ta toshe su ma suna tara zafi a kan injin.

Sai kuma baƙin mai. Ban da santsin da yake bai wa ƙarfe, yana kwasar wani kaso na zafi daga wuraren da ruwa ba ya kaiwa, kamar ƙarƙashin fistin da kan kiranshaf. Injin da mansa ya ragu ko ya tsinke zai yi zafi ko da lagiretonsa sabo ne, kuma injin da ya taɓa tafasa sau ɗaya mansa ya riga ya raunana, sai an juye shi. Babi na gaba zai yi bayani a kan baƙin mai: abin da lambobin jikin galan ke nufi, yadda ake gane na jabu, da tsawon tafiyar da ya kamata ya yi a hanyoyi masu ƙura kafin a sauya shi.